Ranar da Maganaɗisu Ya Auna Man Riɗin Yaya

Ku matso kusa, ku ja kujera, kada ku tsaya bakin ƙofa kamar masu neman wuta. Akwai maganar da nake so ku ji daga bakina kafin ku ji ta a bakin danginmu, don su in sun tashi ba da ita, ni ce mai laifi.

Ni mace ce ta zaman gida. Ƙauyenmu yana kusa da Kamlin, tsakanin kogi da babbar tur'ar da ke kai ruwa gonakin auduga. Maigidana yana can hawasha, gonarsa ta ban-ruwa, tun safe har la'asar, ni kuwa in kun gan ni a waje to suna ake yi ko gaisuwar mutuwa. Amma unguwa uku babu gidan da bai san ƙofata ba, kuma ba don komai ba sai man riɗi.

Mahaifinmu yana da assara a kudu, can wajen Damazin inda ake noman riɗi da ruwan sama. Assara turmi ne babba da aka sassaƙa daga gindin itace, da taɓarya mai kauri, sai raƙumi da aka rufe wa ido yana zagaye yini guda yana juya ta. A cikin kukan wannan turmin na tashi. Da aka kawo ni aure nan, man ya biyo ni. Da Baba ya rasu, wana ya gaji turmi da raƙumi, shi ma bai yanke ba. Duk bayan wata biyu babbar mota ta sauke min garwa huɗu a bakin titi, kowace an toshe bakinta da tsumma an liƙe da ƙullun dawa, yadda Baba yake yi.

Ba man girki nake sayarwa ba, ku gane, na girki yana nan a kowane kanti. Nawa shi ake shafa wa jariri har ya yi arba'in. Shi ake ɗumamawa a murza wa yaro a ƙirji in tari ya kama shi, shi mai jego take sha cokali da safe, shi tsofaffi suke shafawa a gwiwa. Man da za a sa a jikin ɗan kwana uku ba a sayensa a hannun wanda ba a yarda da shi ba. Kowace mace ta zo da 'yar kwalbarta, ina zuba mata ina cewa, "Wannan na raƙumin gidanmu ne. Wallahi ko ɗigon wani abu babu a ciki." Shekara da shekaru ina wannan rantsuwa, har matan unguwa suka haddace ta, wani lokaci su riga ni faɗa mu yi dariya.

To akwai wani abu na gidanmu da sai kun san shi za ku gane sauran maganar. A wurinmu ƙanwa ba ta duba kayan wanta. Man baƙo kina tsoma yatsa, ki murza a bayan hannu, ki sunsuna, ki ɗora a harshe. Wanda ya fito daga hannun yayanki kuwa, bismillah kawai za ki yi ki zuba. Innarmu ta taɓa buge min hannu ina ƙarama don na sunsuna ƙosan da Yaya ya miƙo min. Ta ce, "Me kike nema a ciki? Maƙaryaci kika mayar da shi?" Da wannan na girma. Ƙamshin riɗi yana cika ɗaki in na fasa garwa, wannan ya ishe ni.

Akwai wata tsohuwar ungozoma a bayan gidanmu, duk unguwa Habboba muke ce mata, rabin 'ya'yan ƙauyen nan a hannunta suka faɗo, har da nawa. Wata rana ta zo sayen mai, ta murza a tafin hannu, ta sake murzawa.

"Ɗiyar nan, man naku ya yi sanyi," ta ce. "Da in na murza shi sai hannuna ya ɗau zafi. Yanzu santsi kawai yake yi."

"Hannun naki ne ya tsufa, Habboba," na ce.

"Hannun ya tsufa, amma bai makance ba."

Raina ya ɓaci. Na ce mata in ba ta yarda da man gidan ubana ba, kanti yana nan a buɗe. Ta ɗauki kwalbarta babu komai a ciki ta fita. Muna gaisawa bayan nan, amma ba ta ƙara aiko mai jego wurina ba, ni kuma na riƙe abin a zuciya wajen shekara uku, ina ganin tsohuwa ta ci mutuncin Yaya.

Ɗiyata ta biyu ita ce ta yi nisa a karatu, har jami'a a Madani. Daktora nake ce mata don tsokana, ko da yake ba likitanci ta karanta ba, karatun wutar lantarki da ƙarafa ne da abubuwan da ban san sunansu ba. Larabci ya fi mata sauƙi a baki, in ta fara magana da Hausa sai ta ƙare da Larabci, ni kuma in mayar da ita. A shekararta ta ƙarshe aka ce kowa ya ƙera wani abu da hannunsa. Ta dawo hutu da kwali cike da waya da kwalabe, ta baje min su a rumfa.

"Me za ki dafa da wannan?" na ce.

"Kasafa zan auna, ya Yumma," ta ce. Haka take kirana, wato Inna da Larabci.

"Yi min da Hausa."

Ta yi tunani. "Kofi ɗaya na zuma da kofi ɗaya na ruwa, wanne ya fi nauyi?"

"Zuma mana."

"Khalas, shi ke nan. Girma ɗaya, nauyi daban. Wannan nake so in auna."

Na ce ai masu sayen madara suna da wata kwalba mai dogon wuya da suke jefawa a ciki su gane in an yi haɗi da ruwa, me ya kai ta ga wahala? Ta ce waccan babban bambanci kawai take gani. Mai da mai kuwa nauyinsu ya yi kusa da juna ƙwarai, sai abin da ya fi ido gani.

Ga yadda abin yake, don na zauna a kansa har na fi wasu ɗalibai saninsa. Akwai kwalba siririya, tsawon yatsa biyu, a ciki ake zuba man. Sai wani ɗan ƙwai na gilashi, bai fi ƙwallon dabino ba, cikinsa iska, an rufe ɗan guntun maganaɗisu a gindinsa. An yi shi yadda zai yi iyo a saman mai, amma da ƙyar, kamar mai son nutsewa. A ƙarƙashin kwalbar akwai wayar tagulla da aka naɗe a jikin katakon zare sau ɗaruruwa, ni na riƙe mata katakon tana naɗawa har yatsuna suka sage. In aka haɗa wayar da batir, sai ta zama maganaɗisu ita ma, ta riƙa jawo ɗan ƙwan nan ƙasa. Akwai abin murɗawa irin na rediyo, mai haƙora, kowace murɗa yana cewa ƙas, wuta ta ƙaru kaɗan. Man da ya fi nauyi yana tura ƙwan sama da ƙarfi, sai an murɗa da yawa kafin ya yarda ya sauka. Man da bai kai nauyi ba, murɗa kaɗan ya isa. Sai a duba inda allurar ma'aunin wutar ta tsaya lokacin da ƙwan ya taɓa gindin kwalba, a rubuta.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Ƙwan farko nutsewa ya yi tun kafin a kunna komai, maganaɗisun ya yi masa yawa. Na biyu ta toshe bakinsa da kakin kyandir, mai ya jiƙa kakin ya shige ciki. Sai da ta koma Madani wani mai narka gilashi da wuta ya rufe mata na uku. Daga nan kuma abin ya riƙa ba ta lissafi biyu a kan mai ɗaya. Ta kusa kuka. Ashe makullan da nake ratayawa a wuya ne, in na sunkuya kallo sai su ja ƙwan gefe.

"Yumma! Ke ce ashe!"

"Ni na ce ki ƙera abin da ke tsoron makulli?"

Muka kwashe duk wani ƙarfe daga rumfa, murhun gawayi, almakashi, har kujerar ƙarfe, muka ɗora abin a kan bencin katako. Sai kuma zafi. Man da aka auna da safe, in rana ta take sai ya yi sauƙi. Ta sa kwalbar a cikin kwanon ruwa da ma'aunin zafi, in ya hau mu ƙara na randa, in ya sauka mu ɗiga na buta. Aiki ya zama na hantsi kawai, bayan na gama tuyar kisra, wainar dawarmu mai faɗi.

Abu ɗaya ya rage. Man riɗi launinsa duhu ne, ga ruwa ga gilashi biyu, idonta ba ya kama daidai lokacin da ƙwan ya taɓa ƙasa. Tana ta leƙe tana murɗawa, na ce mata, "Ya taɓa."

"Ya kika sani?"

"Na ji."

Ba ta yarda ba sai da muka maimaita. Ni dama kunnena tun ina yarinya haka yake, ina daga ɗaki nake sanin tukunyar da ruwanta ya ƙone. Na ɗauko maburgi, na ɗora kansa a jikin kwalbar, gindinsa a ƙashin bayan kunnena. In ƙwan ya sauka sai na ji tik, ƙarami, kamar ƙwayar gero ta faɗa a faranti a ɗaki na uku. Daga ranar na zama ma'aikaciya. Ita tana murɗawa tana duban allurar ma'auninta, ni ina sauraro, in na ji in ɗaga yatsa. Ban taɓa jin daɗin zama da ita kamar kwanakin nan ba. Muna yi muna shan jabana, wato gahawa, tana ba ni labarin malamansu, ina ba ta na unguwa.

Malaminta ya ce mata kafin ta auna man kasuwa sai ta sami wanda ta tabbata tsantsa ne, ta riƙa gwada sauran da shi. Na yi dariya, na ce wannan ai a gida yake, na nuna mata garwar Yaya. Ta ce malamin ya ce sai wanda ta ga an matse da idonta. Abin ya ɗan sosa min rai, amma na ce ba komai. Dama Yaya yana aiko min da buhun riɗi kowace kaka, na gonarsa, kyauta. Na ɗebi mudu biyu na daka a turmina, na murza da hannu yadda Inna take yi, muka bar shi ya kwanta kwana uku muka tace. Maigida kuma ya ɗauki wani kason ya kai wata assara a kasuwa, ya tsaya a kai har aka matse. Muka sayo man gyaɗa kwalba ɗaya don gwaji.

Ni ban iya karanta allurar ba. Amma ƙas ɗin abin murɗawa yana shiga kunnena ko ban so ba, kuma ƙirga ai na iya.

Wanda na daka da hannuna, ƙas goma sha huɗu, sai tik. Na assarar kasuwa, goma sha huɗu. Man gyaɗa, takwas. Muka wanke kwalba muka shanya, ta zuba na garwar Yaya. Ina zaune da maburgi a kunne, ina jiran goma sha huɗu, hankalina ma yana kan miyar da na ɗora. A na goma sha ɗaya na ji tik.

Ban ɗaga yatsa ba. Ta ƙara murɗawa ɗaya, ta leƙa, ta ga ƙwan yana ƙasa. Ta dube ni.

"Kwalbar ba ta bushe ba," na ce.

Muka sake wankewa. Goma sha ɗaya. Ta ce wataƙila ruwan kwanon ya ɗumama, mu bari sai gobe. Washegari na fasa sabuwar garwa, wadda ƙullunta bai ko tsage ba. Tana murɗawa ina ƙirgawa, na ɗaga yatsa. Ta sunkuya tana rubutu, ta rufe takardar da hannu.

"Nawa?" na ce.

"Daidai yake da sauran, Yumma."

"Ke. Dube ni. Ni na haife ki. Sha ɗaya na ji."

Ta ajiye biro. Idonta ya cika. Ta fara da Larabci, na ce ta yi min da Hausa, wannan maganar ba ta Larabci ba ce.

"Abin nan ba ya faɗin me ke ciki," ta ce. "Abin da ya ce kawai, wannan da wancan ba nauyinsu ɗaya ba. Wataƙila riɗin wata gona ne. Wataƙila..."

"Kawo kofi," na ce.

Na zuba wanda na daka rabi, na cika da man gyaɗa, na juya da tsinke. Na sunsuna. Ƙamshin riɗi ne, wallahi, babu mai cewa ba shi ba ne, riɗi yana danne duk abin da aka haɗa shi da shi. Na ce ta zuba a kwalba. Ƙas, ƙas, ƙas. Goma sha ɗaya.

Sai a lokacin na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni garin nan. Na tsoma yatsa a garwar Yaya, na murza a bayan hannu. Na tsoma ɗaya yatsan a wanda na daka, na murza a ɗaya hannun. Ɗaya ya ɗau ɗumi, ɗaya yana santsi. Hannuna ne, yana jikina duk shekarun nan.

Ranar wata yarinya mai jego ta aiko ƙanwar mijinta da kwalba. Na ce a ce mata mai ya ƙare. Garwa uku suna jingine a bayana.

Maigida ya ce in buga wa Yaya waya. Na ce a'a, wannan sai ido da ido. Ni da Kamlin ma sai in shekara ban shiga ba, na hau mota tun asuba, Madani, Sinnar, Sinja, ƙafafuna suka kumbura, ban ci komai ba sai ruwa. Duk hanya ina nema masa uzuri. Na ce wataƙila raƙumin ya mutu yana jin kunyar faɗa, yana sayen mai a waje ana cutarsa. Na ce wataƙila direban mota ne yake fasa garwa a hanya. Har tausayinsa na ji.

Na kwana a wurin wata 'yar'uwa a Damazin, da hantsi na isa ƙauyen da aka haife ni. Tun daga nesa na ji kukan turmi. Raƙumi yana nan lafiya lau yana zagaye. Yaya ya taso da gudu, rawaninsa yana warwarewa.

"Auta! Ke ce? Lafiya? Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu, Yaya."

Ya sa aka shimfiɗa min tabarma, aka kawo ruwa, ya ce a kama kaza. Muka gaisa yadda ya kamata, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ina gaisuwa idona yana yawo. A inuwar rumfa garwa ne jere biyu. Na dama bakinsu a buɗe, an ɗora murfi kawai. Na hagu an toshe da tsumma an liƙe da ƙullu. A bayan zana kuma ga ganga babba, da mazurari a kanta.

"Yaya, waɗanne ne nawa?"

Ya nuna na hagu.

"Na daman fa?"

"Na wani ɗan kasuwa ne a Damazin."

"Me ya sa nasa ba a liƙe ba?"

"Ai shi sai ya duba. Yana zuwa da sanda ya tsoma har ƙasa, ya lasa, ya murza. Fitinanne ne, in ya ji wani abu sai ya mayar maka da kayanka."

Yana faɗa yana dariya. Sai ya ga fuskata, dariyar ta tsaya.

Na tashi na je wurin gangar. Ba sai na buɗe ba, mazurarin ma ya faɗa min. Na dawo na zauna.

"Tun yaushe?"

"Auta, ki sha ruwa tukuna."

"Tun yaushe, Yaya?"

Ya ce tun shekarar da ruwa ya yi gardama riɗi ya yi wuya, wajen shekara shida. Ya ce da kaɗan ya fara, yana nufin in kaka ta yi kyau ya daina. Kaka ta yi kyau, babu wanda ya ce komai, sai ya ci gaba.

"Amma na ɗan kasuwa tsantsa ne," na ce.

"Na gaya miki shi yana dubawa."

"Ni fa?"

"Ke ai ƙanwata ce."

Haka ya faɗa, wallahi, a sauƙaƙe, kamar mai gaya min yau Talata. Da ya ce min ya rasa yadda zai yi ne, da kowa ya yi wa haka, da na yi kuka mun yi kuka tare. Amma zama ya yi ya duba duk masu karɓar mansa, ya zaɓi wadda ya san ba za ta tsoma yatsa ba. Tarbiyyar da uwarmu ta yi mana, mu biyu, a ɗaki ɗaya, ita ya ɗauka ya auna ni da ita.

"Yaya, rantsuwa nake yi a kan man nan. Da sunan Allah. Jarirai ake shafa wa."

"To man gyaɗa guba ne? Wa ya mutu? Wane yaro ne fatarsa ta saɓule?" Ya gyara zama. "Wa ma ya gaya miki? Tsohuwar ungozomar nan taku ce?"

"Ɗiyarka ce. Ta ƙera abin awo."

"Daktora? To madalla. Mun kai ta makaranta ta dawo tana auna kawunta."

Ya sassauta murya bayan nan. Ya ce daga yau tsantsa zai riƙa aiko min, ya rantse. Ya ce in koma in yi shiru, mata ba za su taɓa sani ba, sai dai su ce man bana ya yi kyau. "Ki rufa min asiri, Auta. Uwa ɗaya uba ɗaya. In kika faɗa, sunan Baba kika zubar, ba nawa ba."

Ban ci kazar ba. Na ce mota za ta wuce ni.

A hanyar dawowa na juya maganarsa, don ba wauta ya faɗa ba. In na yi shiru, mai zai gyaru, babu wanda zai ji ciwo, zumunci yana nan. Amma sai in ga fuskokin matan nan, suna riga ni faɗin rantsuwata suna dariya. Kuma ko ya aiko tsantsar, zan tsoma yatsa a kowace garwa daga yanzu, a ɓoye, kamar ɓarauniya a ɗakina, sannan in fito in ce na gidanmu ne.

Gidan Habboba na fara shiga, ko kayan tafiya ban cire ba. Tana zaune tana tsince wake. Na durƙusa na gaya mata duka.

Ba ta ɗago ba sai da na gama. "Sai da aka kawo batir da waya kafin ki yarda," ta ce. "Ni da na zo miki da hannu kyauta, kika ce in tafi kanti."

"Ki yafe min, Habboba."

"Tashi, ƙasa da sanyi. Riƙe min tiren nan." Muka tsince waken tare. Can ta ce, "Matan fa?"

"Gobe."

Washegari da la'asar na aika aka kira su, duk wadda ta taɓa kawo kwalba gidana. Rumfa ta cika, wasu da goyo. Na fito da garwa ukun na ajiye a tsakiya. Na ce shekara shida ina rantse musu a kan abin da ban duba ba, rabinsa man gyaɗa ne, daga gidanmu aka haɗo shi. Ban kama sunansa ba, amma wa bai san mai assarar ba? Wata ta ce, "Haba, ke ma cutarki aka yi." Wata kuwa ta gyara goyonta ta fita, kuma har yau in mun haɗu a gidan suna gaisuwar baki kawai muke yi. Ita ce ta taɓa tako min da ƙafa daga ƙauyen gaba, da cikin wata tara, don ta ce ba za ta sa wa ɗanta na fari man kowa ba sai nawa.

Garwa ukun na ba mai tuyar ta'amiya, ƙosan garin nan, a bakin titi, na gaya masa abin da ke ciki. Ban ƙara sayar da mai ba. Wasu sun ce in riƙa dakawa da hannuna, za su saya, amma bakina ba zai ƙara iya cewa wallahi a kan kwalba ba, kuma ba tare da wannan ba me nake sayarwa? Daktora ta ci jarrabawarta, ta ce malamai sun yaba, sai dai sun tambaya yaya za a yi da abin in babu mai kunne irin na uwarta. Ta ba ni labarin don in yi dariya, na yi mata kaɗan.

Magana kuwa ba ta kwana ba ta isa kudu. Direbobin mota suka kai ta. Ɗan kasuwar nan ma da ake ba tsantsa ya ji, ya janye. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ta aiko min da saƙo cewa na tona wa ɗan'uwana asiri a gaban bare saboda abin wasan yara na gilashi, kuma ya ce zai gyara, me ya rage? Da Yaya ya aurar da ɗiyarsa ta ƙarshe, a bakin mutane na ji. Yarinyar da na yi wa wanka da hannuna lokacin da aka haife ta.

Ina kewarsa, kada ku ce ba na yi. Shi ya goya ni ya tsallake da ni rafi ranar da ruwa ya tare mu muna yara. Wani lokaci ina tuya sai in ji kamar muryarsa a ƙofa yana cewa Auta. Dangi suna cewa ni ce ƙarama, ni ya kamata in je in ba da haƙuri, kuma da na yi shiru tun farko da yanzu muna nan yadda muke. Matan unguwa kuma, waɗanda suka ci gaba da shigowa shan jabana, suna cewa da na yi shiru suka ji a wani bakin, da ko gaisuwata ba za su ƙara amsawa ba.

To ku da kuka ji daga farko har ƙarshe, ku gaya min tsakaninku da Allah: da ku ne a motar nan kuna dawowa daga Damazin, da alkawarinsa a kunne ɗaya da rantsuwarku a ɗayan, shiru za ku yi, ko za ku tara matan?